Ƙibar 'Yar Azariya

Idan ka shigo tashar mota a Kafanchan ka tambayi shagon abincin Maman Joanna, ba wanda zai kwatanta maka da launin ƙofa. Za a ce ka miƙe, inda ka ga wata ƙatuwar yarinya, to nan ne. Ni ce ƙatuwar yarinyar. Sunana Joanna, shekarata goma sha shida, kuma da ni ake kwatance yadda ake yi da gidan mai.

Ba haka aka haife ni ba. Ina firamare siririya ce ni, mai dogon wuya irin na Babana. Babana Azariya direban bas ne, yana Jos, yana Abuja ta hanyar Jere. Ciwon suga ne ya kama shi. Na ga abin da idona: shan ruwa ba ƙoshi, gyambo a ƙafa da ya ƙi warkewa, da ramar da ta sa sai da igiya yake ɗaure wando. Likita ya faɗa, ya sake faɗa, suga ne. Amma mutanen unguwarmu sun fi likita karatu. Mutum direba, yana kwana a garuruwa, ga shi ya rame har ya mutu, me kuma ake jira? Ba wanda ya taɓa furta kanjamau a gabanmu. "Ciwon nan" kawai ake cewa, a taɓe baki, a kalli Mama daga sama har ƙasa, sannan a juyo a kalle ni.

Bayan an binne shi mutane suka ɗauke ƙafa daga shagon Mama. Direbobin da suka yi shekaru suna cin tuwo kwano ɗaya da Babana, su ne suka fara tsallakawa shagon da ke kallon namu. An gwada jinin Mama, an gwada nawa, ba a ga komai ba. To wa zai hau kan mota a tasha yana shelar sakamakon gwaji? Mama ta zauna ta yi nata lissafin: abin da ido ya gani ne ya kore su, sai an ba idon wani abin ya gani kafin su dawo. Ita jikinta ba ya karɓar ƙiba, ko tukunya guda ta cinye tana nan kamar muciya. Sai ta juyo kaina.

Da safe shayi mai kauri da burodi da bota da ƙwai. Na dawo makaranta, sakwara ce ko shinkafa, da nama a kai, da lemon kwalba. La'asar ta yi, fanke. Kuma ba a ɗaki nake ci ba, a bencin gaban shago ake zaunar da ni, daidai lokacin da tasha ta cika. Ba a jima ba kumatu suka fito, wuyan Babana ya nutse. Wata rana Andrawus, wani direban Samaru Kataf, ya tsaya ya kalle ni ina suɗe kwano, ya yi dariya.

"Kai, Maman Joanna! Yarinyan nan yana shan daɗi fa. Sa mini shinkafa."

Ranar na sake ganin haƙoran Mama a waje, karon farko tun rasuwar Babana.

Kada in yi mata ƙarya, ba ɗure take yi mini ba. Mama ba mai rungumar yaro ba ce, ba mai hira ba ce, tun asuba tana gaban murhu har rana ta faɗi. Lokaci ɗaya ne take dubana da sakin fuska, lokacin da nake ci. Takan zo ta dafa kaina da hannunta mai ƙamshin albasa ta ce, "Cinye, Mamana." Yarinyar da ta rasa uba, uwarta kuma ta daina dariya, me kake tsammani za ta yi in ta gano inda dariyar take ɓoye? Na riƙa ci. In ina kewar Babana in ci, in an ɓata mini rai in ci, in ba abin yi ma in ci.

Da na shiga sakandare sai na tarar duniya ta sake ra'ayi. Jikin da ake sa wa albarka a tasha, shi ne abin dariya a aji. Akwai wani yaro Samson, wanda Allah ya hana shi ƙwaƙwalwa ya ninka masa baki. Ran Alhamis ake cin kasuwar aladu a Katsit, shi kuwa ba ya mantuwa.

"Joanna, abeg yau kada ka bi ta Katsit, za a taya ka."

Aji ya ɗauka. Wani lokaci har malami sai ya juya ga allo yana danne dariya, ina ganin kafaɗunsa suna rawa. Na daina fita filin wasa, na daina ɗaga hannu ko na san amsa, don tashi tsaye ma abin kallo ne. In an tashi in hau acaba in sauka a shago, Mama ta ajiye mini kwano, in sa kai. Su yi mini dariya don na yi ƙiba, ni kuma in ci don sun yi mini dariya. Haka muka yi ta yi shekara da shekaru.

Bara bayan wuyana ya yi baƙi ƙirin, ya yi kauri. Mama ta ce dauɗa ce, ta sa soso da sabulun salo ta dirje ni har fata ta yi zafi, bai fita ba. Anti Chinelo ce ta lura. Nas ce a wani ƙaramin asibiti kusa da gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa. Iyayenta daga kudu suka zo aikin jirgi, amma a nan aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu. Takan zo sayen gwaten acca. Ranar ta tsaya a bayana, ta janye wuyan rigata, ta duba, ta ce a hankali in same ta ran Asabar.

Na je. Ta huda mini yatsa, ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura, ta ɗora ni a sikeli, ta ɗaure mini hannu ta auna. Sannan ta ja kujera ta zauna tana kallona.

"Me ya kashe babanki?"

"Suga, Anti."

"Na yi zato."

Shi ke nan abin da ta ce. Ba ta taɓe baki ba, ba ta kalle ni daga sama har ƙasa ba. Tun da Babana ya mutu ba wanda ya taɓa tambayata ya kuma yarda da amsar. Sai kawai na fashe da kuka, har ta rasa yadda za ta yi da ni.

Da na yi shiru ta ce, "Ki ji ni da kyau. Bai kama ki ba tukuna, amma yana bakin ƙofa. Wannan baƙin wuyan alamansa ne. Ke yarinya ne, za ki iya kore shi. Ban ce ki zauna da yunwa ba o. Ki raba kwanon biyu, ki bar lemo, ki riƙa tafiya da ƙafa. Kin ji ko?"

Na ji. Na fito ina tuna ƙafar Babana da warin gyambon nan, na ce wa raina ba zan mutu irin wannan mutuwar ba.

Gaya wa Mama bai ma zo mini a rai ba. A bayan shago akwai bokitin da ake zuba sauran abinci, wani tsoho Baba Kumai yana zuwa ya kwashe wa aladunsa. Da rana in ciniki ya ɗauke hankalin Mama, sai in ci rabi a benci kowa na gani, in zagaya da sauran in juye a bokiti. Aladun Baba Kumai ba su taɓa samun shekara irin wannan ba. Acaba kuma na bar shi, ina takawa makaranta, ina takowa gida, cinyoyina suna gogar juna har su yi ciwo.

Watannin farko ban ga komai ba sai wahala. Daga baya na wayi gari na ɗaure igiyar takalmina ban riƙe numfashi ba. Siket ya fara juyawa a ƙuguna, na kama shi da fil. Da hutu matasan coci suka shirya hawan dutsen Kagoro, na bi su, kowa na mamaki. Ban kai ƙoli ba, amma na kai wani falalen dutse inda na hango rufin gidaje da gonakin citta shimfiɗe a ƙasa, kuma ba wanda ya turo ni, ba wanda ya ja ni. Na zauna ina dariya ni kaɗai. Na ji daɗi a ranar, daɗin da ban taɓa samu a cikin kwano ba. Anti Chinelo ta sake gwada ni ta ce, "Yawwa, ya fara ja da baya."

Ashe ba ni kaɗai nake auna jikina ba, duk tasha tana aunawa. Andrawus ne ya fara. Yana cikin cin shinkafa na wuce, ya bi ni da ido, ya ajiye cokali.

"Maman Joanna, lafiya yarinya kuwa? Na ga kaman ya zube."

"Girma ne, tsawo yake yi," in ji Mama.

Ya ce Allah ya sa, ya tashi ya bar rabin abincinsa. Washegari a shagon tsallake na hango shi. Kafin wata ya ƙare tukwanen Mama suna komawa gida da nauyinsu. Maganar ta zaga unguwa ba tare da kowa ya faɗe ta ba: abin ya kwanta ne a jikin yarinyar, yanzu ya tashi.

Wata rana da azahar Mama ta zagayo bayan shago ta same ni tsaye a kan bokiti da kwano a hannu.

"Joanna! Abincina ne kike ba alade?"

Na gaya mata komai, wuyan, da gwajin, da abin da Anti Chinelo ta ce. Na ɗauka in ta ji kalmar suga za ta tsorata. Sai ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ni za ki gaya wa suga? Ni na wanke ƙafan babanki har ya mutu. Mai suga ana zama kusa da shi, ana cin abincin matansa. Wancan ɗin ne ba a ci."

"Mama, to in ya kama ni fa?"

"Ba zai kama ki ba, cikin sunan Yesu."

"Anti Chinelo ta ce..."

"Chinelo ne zai ciyar da mu in shagon nan ya mutu? Chinelo ne zai zauna a coci mutane suna matsawa daga bencinsa?"

Na ce mata ba zan koma cin da ba. Ban taɓa ce wa Mama a'a ba sai ranar. Ba ta mare ni ba, da ma ta mare ni. Ta karɓi kwanon ta koma ciki, daga nan ta daina yi mini magana. Ta ajiye abinci, in ci rabi, ta ɗauke sauran ba ta ko dube ni. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma na cije.

A cocinmu akwai al'ada. In wani ya kwanta ciwo mai tsanani, matan Zumunta, ƙungiyar matan coci, sukan ɗaura zanensu iri ɗaya, su jeru, su ratsa unguwa suna waƙa suna kaɗa tulu da caki har ƙofar gidan, su shiga su yi addu'a. Al'ada ce mai kyau, ta share hawayen mutane da yawa. Sai dai ba sa fitowa don zazzaɓi ko ciwon kai, kuma duk unguwa takan leƙo ta ga wace ƙofa za su shiga. Rabon da su shiga tamu tun ana gab da rasuwar Babana.

Wata Talata da la'asar ina tsakar gida ina wanke kayan makaranta, lafiyata ƙalau fiye da kowane lokaci a rayuwata. Mama ta rufe shago da wuri don ba kowa. Sai muka jiyo waƙar daga bakin titi. Mama ta miƙe da tsintsiya a hannu tana saurare. Waƙar ta wuce gidan mai niƙa, ta wuce rijiya, tana ƙara matsowa.

"Ya Yesu, kada ya zama nan," in ji Mama.

Nan ne. Mama Yemima, Uwar Zumunta, ita ce a gaba, sauran na biye da sabulu da garin kunu da lemu a leda. Yara da manya suka cika ƙofar gida suna leƙe.

"Salama a gare ku. Ina mara lafiyan?" in ji Mama Yemima.

"Mama Yemima, ba mai ciwo a gidan nan," in ji Mama.

Mama Yemima ta kira Mama da sunanta. "Emilia, kada ki ɓoye mana. Haka kika ɓoye na Azariya har lokaci ya ƙure."

Aka shimfiɗa tabarma, aka zaunar da ni a tsakiya da kumfar sabulu a hannuna. Na ce wa Mama Yemima, "Mama, lafiyata lau. Ni ce na rage cin abinci, nas ce ta..."

Mama Yemima ta juya ga matan tana girgiza kai. "Kun ji ko? Ba ya iya cin abinci. Har nas ya gani."

Suka kewaye ni suka fara addu'a. An saba ɗora wa mara lafiya hannu a ka. Nasu hannayen a sama suka tsaya, ina jin iskarsu a goshina, ba wadda ta taɓa ni. Suka roƙi Ubangiji ya gafarta zunuban iyaye, kada ya bi 'ya'ya da su. Babana da bai yi musu komai ba, yana kabari suna kai ƙararsa.

Da aka ce amin Mama ta shiga ɗaki ta fito da kofunan gilashinta na baƙi a kan tire, cike da ruwa. Ta durƙusa gaban Mama Yemima.

"Mun gode, mun sha a gida."

Ta matsa gaban ta biyu da gwiwa.

"Yanzu na sha, Maman Joanna."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Matan nan da ta yi shekaru tana waƙa a tsakiyarsu, waɗanda ta dafa wa abincin bikin 'ya'yansu kyauta. Mutanen ƙofa suna kallo. Da ta kai kan ta ƙarshe ta ajiye tiren a ƙasa, ba kofi ɗaya da aka taɓa.

Ta tashi ta shiga kicin. Ta dawo da sakwarar shago da ba a saya ba, malmala biyu manya, da miyar agushi manja na yawo a kai, da ruwan wanke hannu. Ta dire a gabana. Sannan uwata, wadda ta haife ni, ta durƙusa mini a gaban jama'a.

"Mamana," ta ce.

Na kalle ta. Na ga yadda ta tsufa a 'yan watannin nan. Na tsani kowa a tsakar gidan nan, na tsani matan, na tsani masu leƙe, ita ma Mama a lokacin na tsane ta, amma na kasa barin ta a durƙushe. Na sa hannu a ruwa na wanke.

Na ci. Na yanko manyan loma yadda na saba a da, ina haɗiyewa ba tauna, suna kallo ba mai tari. Malmalar farko ta ƙare, na jawo ta biyu. Cikina ya cika tun tuni, ina jin abincin a maƙoshi, na ci gaba. Na suɗe kwanon da yatsa, na ce Mama ta ba ni lemo. Wata ta rangaɗa guɗa.

"Ubangiji ya amsa! Nan take ya amsa!" in ji Mama Yemima. Ta sunkuya ta ɗauki kofi ɗaya daga tiren ta shanye, sauran suka bi. Suka fita da waƙa ta fi wadda suka shigo da ita ƙarfi.

Daga ranar na zama abin al'ajabin Zumunta. Kullum sai wata ta biyo ta tasha ta ga yadda addu'arsu take aiki, kuma ba ta tafiya sai ta ga ƙasan kwanona. Andrawus ya dawo da abokansa. Mama ta dawo da maganarta da dafa kaina. Ƙibar ma ta dawo, har da rakiyar 'yan uwanta. Anti Chinelo ta zo ta gan ni, ta ja Mama gefe, Mama ta zuba mata gwate ta ce ciniki ya yi mata yawa yau. Da za ta tafi ta ce in same ta ran Asabar. Asabar da yawa sun wuce ban je ba, kunyarta nake ji.

Da Lahadin godiyar kaka ta matso, Mama Yemima ta kai wa Fasto magana cewa dole 'yar Azariya ta ba da shaida. Mama ta kai wa tela atamfa, sai da ya aiko a ƙaro yadi. Ni kuwa na yi murna a ɓoye. Na ce tunda za su ba ni makirfo da hannunsu, to za su ji. Zan gaya wa ikilisiya duka cewa ban taɓa ciwo ba, suga ne ya kashe Babana, kuma yanzu ne suke turo ni wajensa. Na yi ta maimaita kalmomin a raina har na haddace su.

Ranar coci ya cika har waje, an jera buhunan masara da doya da citta a gaba. Mai ba da shaida ba ya tafiya haka kawai, da rawa yake zuwa daga ƙofar baya, Zumunta na biye da shi. Aka buga ganga, aka sa ni gaba. Cocinmu dogo ne, kuma matan nan ba sa gaggawa, taku biyu gaba, ɗaya baya, a juya, a sake. Tun a tsakiya gumi ya jiƙa mini sabuwar riga, gwiwoyina suka fara zafi. Na daure na kai gaba, na hau matakalar bagadi ina dafa bango. Fasto ya ɗaga hannu aka tsayar da kiɗa, ya miƙo mini makirfo.

"Joanna, gaya wa jama'ar Allah abin da Ubangiji ya yi miki."

Coci ya yi tsit. Na buɗe baki. Kalmomin suna nan a kaina, a jere, amma ba iskar da za ta ɗauko su. Ƙirjina yana sama yana ƙasa, zuciyata tana dukan kunnuwana. Na ce "Ni..." numfashi ya yanke. Na sake gwadawa, hakina kawai lasifika ta watsa ko'ina. Baƙin ciki ya taso mini, hawaye suka zubo.

Fasto ya dafa kafaɗata, ya zare makirfon daga hannuna a hankali.

"Ku bar ta, 'yan'uwa. Murna ce ta hana ta magana."

Ikilisiya ta miƙe tsaye. Guɗa ta tashi ta ko'ina, aka saki ganga. A layin gaba na hango matan Zumunta sun rungume Mama, tana rawa tana share ido da bakin zane. Na tsaya a kan bagadi ina neman numfashi, su kuma suna ta tafi.